Kwamfutar da Ba Ta Ji Sai a Gindin Talabijin

Ranar Asabar bayan la'asar na shiga gidan ƙanwata, na tarar da babbar 'yarta zaune a ƙasa a gindin teburin talabijin, ta miƙe ƙafa, laftof a cinya. Ga kujeru babu kowa a kai, ga ɗakinta can ƙetaren tsakar gida da tebur da fanka. Bayan mun gaisa na tambaye ta ko horo aka ba ta.

"Kawu, ai nan ne ofishina," in ji ta. "Da na matsa daga nan, intanet ya tafi."

Uwarta ta leƙo daga kicin. "Yaya, wata guda ke nan. Ko shara ba ta bari a yi a wurin."

Yarinyar tana aji biyu a jami'a, tana karanta kimiyyar kwamfuta. Laftof ɗin ta hannu ce. Ranar da aka saye ta da Windows a kanta, mai shagon ya buɗe intanet a gabansu, komai lafiya. Da wani darasi ya buƙaci Linux, wata ƙawarta ta goge Windows ta ɗora mata Ubuntu. Tun daga ranar kwamfutar ba ta kama waifai sai an kai ta kusa da rawutar gidan, wadda ke ajiye a kan teburin talabijin. Taku uku baya, alamar ta fara lilo. Bakin ƙofar falo, ta ɓace.

Kowa a gidan da wanda yake zargi. Uwar ta ce kamfanin layi ne. Baban ya ce katangar siminti ce. Ƙaninta ya ce an dai sayar mata da mushe. Ita kuwa ta ce Ubuntu ne. Na ajiye hulata, na zauna a ƙasa kusa da ita.

Biyun farko ba su ɗauki minti biyar ba. Na haɗa wayata da rawutar, na fita tsakar gida, na shiga ɗakinta, na kai har zaure, bidiyo bai tsaya ba. Layi ɗaya, katanga ɗaya. Aka wanke kamfani, aka wanke mai gini.

Saura mu daina cewa "ba ta kamawa sosai", mu samo lamba. Na ce ta danna Ctrl da Alt da T, baƙar tagar umarni ta buɗe. Umarnin `iw dev` ya nuna mana cewa a wannan kwamfutar sunan katin waifai `wlo1`, sai ta rubuta:

`iw dev wlo1 link`

A cikin amsar akwai layin ƙarfin sigina: -70 dBm. Na ciro tawa laftof daga jaka, na ajiye ta kafaɗa da kafaɗa da tata, na yi umarni iri ɗaya: -40.

"Talatin ne kawai bambancin," in ji ta.

Na ce wannan ma'auni ba irin na mudu ba ne. Duk tazarar goma tana nufin ninki goma. Goma uku ke nan: goma sau goma sau goma. Abin da ke shiga kunnen kwamfutarta kashi ɗaya ne cikin dubu na abin da ke shiga kunnen tawa, alhali kamu ɗaya ne tsakaninsu da rawutar. Amma kuma ba ta mutu ba, don mushe ba ya jin komai. Wannan tana ji, sai dai ji irin na wanda aka toshe wa kunne da auduga. Ƙaninta ya yi shiru, ya koma kan ƙwallonsa.

Zarginta kaɗai ya rage, shi ma ya yi faɗi da yawa. Ubuntu gari guda ne. Wace unguwa, wane gida?

A tsakiyar kowane Linux akwai abin da ake kira kanel, wanda Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991 yana ɗalibi a Helsinki. Shi ke magana da ƙarfe: allo, kibod, batir, katin waifai. Da yake na'urorin duniya sun fi a ƙirga, kanel ba ya ɗaukar direbobinsu duka a ka. Ana ajiye su gunduwa-gunduwa a faifai, kowace gunduwa ana ce mata modul, sai ya ga na'ura sannan a kira mai jin harshenta. Don haka tambayar farko ita ce: wane kati ne a ciki, kuma wa ke tuƙa shi?

`lspci -k`

Cikin jerin muka ga katin, RTL8723BE, a ƙarƙashinsa kuma sunan direban da ke aiki, `rtl8723be`. Kati ne mai araha da ya cika ƙananan laftof na wajajen 2015, yana aiki a zangon 2.4 GHz kaɗai, kuma waifai da Bluetooth duk a jikinsa suke. Umarnin `lsmod` ya tabbatar an ɗora modul ɗin tare da 'yan rakiyarsa, irin su `rtlwifi` da `rtl_pci`. Muka leƙa littafin koke-koken kanel da `sudo dmesg`, ko direban ya yi ƙorafin wani abu lokacin tashi. Bai yi ba. A ganinsa lafiya lau yake.

Abin ya fara ba ni sha'awa. Kati da rai, direba daidai, babu koke, amma kunne a toshe.

Yawancin modul suna zuwa da 'yan saituka da marubutansu suka bari a waje, don mai kwamfuta ya juya in hali ya kama. Ba za ka gan su a tagogin da ake danna wa linzami ba. Sai ka tambaya da baki:

`modinfo -p rtl8723be`

Layuka kusan goma suka fito, kowanne da suna, da gajeren bayani, da matsayin da yake a kai in ba a taɓa shi ba. Idona ya faɗa kan biyu, `fwlps` da `ips`. Duka na tsimin wuta ne: suna barin katin ya ɗan runtsa in babu aiki, don batir ya daɗe. Bayanin ya ce a kunne suke zuwa. Na san katunan wannan dangi sun yi suna wajen yin barci su kasa farkawa. Na gyara zama, na ce mata mun kama ɓarawo.

Sai dai `modinfo` ba ya faɗa maka halin da ake ciki. Takardar da ta zo cikin kwali yake karanta maka. In kana son sanin inda saitin yake a wannan daƙiƙar, sai ka shiga `/sys`. Wannan folda ba ta kan faifai ko kaɗan. Taga ce da kanel ke buɗewa a ga cikinsa, tun fitowar Linux 2.6 a ƙarshen 2003. Kowane modul mai saituka yana da ɗakinsa a can, kowane saiti da ɗan fayil ɗinsa. Na ce ta karanto su duka a tashi ɗaya:

`grep . /sys/module/rtl8723be/parameters/*`

Uku daga cikin layukan suka ƙare da haka:

`ant_sel:1`
`fwlps:N`
`ips:N`

N na nufin a kashe. Ɓarawon da na kama ashe yana ɗaure tun kafin a yi satar. Da na sake tunani ma, ciwon bai yi kama da nasa ba. Katin da tsimin wuta ya kwantar, da lokaci yake yankewa: ka yi minti goma lafiya, sai ya ɗauke ko kana ina. Namu kuwa ba ruwansa da agogo, da taku yake aiki.

A nan na yi kuskuren da ya ci mana awa guda daga baya. Takarda ta ce a kunne, ido ya ga a kashe. Ruwa ba ya tsami banza. Ya kamata in tsaya in tambaya wa ya kashe su. Maimakon haka na ce a raina wataƙila masu haɗa Ubuntu ne suka ga dama, na wuce, don layin farko ya riga ya ja hankalina.

`ant_sel`. Bayanin `modinfo` a kansa gajere ne: a sa 1 ko 2 don a tilasta wa katin eriyar da zai yi amfani da ita, in ba a taɓa ba yana kan 0.

"Me ya sa sai an gaya wa direba eriyar da zai saurara?" in ji ta. "Ba shi da ido?"

Tambayar ta fi duk waɗanda na yi tun la'asar. Wani alherin Linux shi ne tarihinsa a buɗe yake: kowane gyara da aka shigar cikin kanel yana ɗauke da sunan mai shi, da kwanan wata, da dalili. Muka nemo na wannan saitin a wayata. A 2016 aka ƙara shi, mai ƙarawar kuma Larry Finger, wani Ba'amurke. Dalilin da ya bayar shi ne cewa an fito da laftof da dama da eriya ɗaya tak, alhali katin yana da mazaunin eriya biyu. Wannan a kan kansa ba laifi ba ne. Matsalar tana zuwa ne in 'yar ƙwaƙwalwar da ke jikin katin, wadda aka rubuta tun a masana'anta, ta ce eriyar tana wancan mazaunin, alhali a wannan aka maƙala ta. Direban Linux ya gaskata abin da aka rubuta, ya kafa kunne a ƙofar da babu kowa. Ya kuma bayyana abin da ya sa ba a ce kowa ya buɗe kwamfutarsa ya mayar da wayar ɗaya mazaunin ba: buɗewar tana iya ɓata garanti, kuma in akwai Windows a gefe, shi direban can sai ya rikice. Ga amsar abin da ya faru a shago ke nan. Direban Windows ya san hanyar gidan, na Linux kuwa kwatancen da aka ba shi ne ba daidai ba.

Gani ya kori ji. Laftof ta hannu ba ta da garantin da za a ɓata. Muka kashe ta, muka cire caja da batir, ƙaninta ya kawo ɗan sukundireba, muka kwance murfin ƙasa. Katin bai fi kan sarki biyu girma ba. A bakinsa ga 'yan maɓallai biyu masu ruwan zinare, kowanne bai kai ƙwayar dawa ba. Siririyar waya guda ɗaya ta fito daga wajen maɗaurin murfi, inda ta gangaro daga eriyar da ke ɓoye a gefen allo, ta maƙale a ɗaya. Ɗayan yana nan tsirara, ba a taɓa sa masa komai ba. Ɗan siginar da take samu a gindin talabijin, abin da ke tsallakowa ne ya faɗa kan wannan tsiraran maɓalli don tsabar kusa.

Ta miƙa hannu za ta cire wayar. Na riƙe ta. Waɗannan maɓallan ba su jure cirewa da mayarwa, kuma in guda ya ɓalle daga jikin katin, sai sabon kati. Tunda Larry Finger ya bar mana ƙofa a manhaja, me zai kai mu haura katanga? Muka mayar da murfi.

Da kwamfutar ta tashi, ta ce tunda saitin fayil ne, ai sai a rubuta 2 a ciki. Na bar ta ta gwada.

`sudo echo 2 > /sys/module/rtl8723be/parameters/ant_sel`

Aka hana ta. Wannan tarko ne da kowa ke faɗawa sau ɗaya. Ikon da `sudo` ke bayarwa a kan `echo` kaɗai ya tsaya. Alamar `>` kuwa, wadda ita ce ke buɗe fayil ɗin, tagar umarni ce ke aiwatar da ita da ikon talaka. Kamar ka ba ɗan aike takardar sarki ne, amma wanda zai buɗe ƙofar ba shi ba ne. Na nuna mata hanyar da aka saba:

`echo 2 | sudo tee /sys/module/rtl8723be/parameters/ant_sel`

Aka sake hana mu. Wannan karon da cikakken iko muka je, amma ƙofar ba ta motsa ba. Muka duba izinin fayilolin da `ls -l`. A gaban `ant_sel` an rubuta `-r--r--r--`: karatu, karatu, karatu, babu rubutu ga kowa. A gaban `debug_level` kuwa akwai `w`, alamar ana iya canja shi modul na cikin aiki. Marubucin direba ne ke yanke wannan hukunci ga kowane saiti, kuma da hujja. Zaɓen eriya abu ne da ake yi lokacin da ake tayar da katin. Ko da an bar ka ka canja lambar daga baya, katin ya riga ya kama hanya. Da fayil ɗin ya yi maka ƙarya kawai. Ba a canja wa mota taya tana gudu.

To, sai a tsayar da ita. Na gargaɗe ta cewa intanet zai ɗauke na ɗan lokaci.

`sudo modprobe -r rtl8723be`
`sudo modprobe rtl8723be ant_sel=2`

Layin farko ya sauke modul ɗin, alamar waifai ta ɓace daga saman allo. Na biyu ya sake ɗora shi da sabon umarni a hannu. Ban dogara da lambobin da aka buga a jikin katin ba wajen zaɓen 2. 1 muka tarar, ba ta yi ba, saura ɗaya. Ma'auni ne zai raba gardama. Bayan 'yan daƙiƙu kwamfutar ta koma kan rawutar da kanta. Ta sake kiran `iw`.

-41.

Ta yi ƙara har uwarta ta fito da ludayi a hannu. Jerin waifai da a da bai wuce sunan gidan ba, yanzu ya cika da na maƙwabta har guda shida.

Na ce kada ta yi saurin murna, don abin da aka faɗa wa `modprobe` da baki, da an kashe kwamfuta ya tafi. In ana so ya zauna, sai an rubuta shi a inda `modprobe` ke dubawa duk lokacin da zai ɗora modul, wato foldar `/etc/modprobe.d`. Ta rubuta da hannunta:

`echo "options rtl8723be ant_sel=2" | sudo tee /etc/modprobe.d/rtl8723be.conf`

Ana kiran magariba. Na ce ta sake tayar da kwamfutar, ta kai ta ɗakinta, in na dawo daga masallaci in sha shayina in tafi.

Na dawo na tarar da ita a gindin talabijin.

"Kawu, ta koma gidan jiya."

Ashe da sauran rina a kaba. Ma'auni ya ce -70. Fayil ɗin `/sys` ya ce `ant_sel` yana kan 1. Mun rubuta 2 da idonmu, mun adana, ga fayil ɗin nan yana kallonmu, babu kuskuren harafi ko ɗaya. Wani yana warware mana saƙa a bayan fage.

Muka bi waɗanda aka saba zargi ɗaya bayan ɗaya. Na farko, suna: `modprobe` ba ya kula duk fayil ɗin da sunansa bai ƙare da `.conf` ba. Namu ya ƙare da shi. Na biyu, ƙunshin farkon tashi, wanda ake kira `initramfs`: wasu modul ana ɗora su tun daga cikinsa kafin a buɗe babban faifai, kuma in ka canja saitinsu ba ka sabunta ƙunshin da `update-initramfs -u` ba, da tsohon saiti za su tashi. Muka leƙa cikinsa da `lsinitramfs`, direban waifai ɗinmu ba ya ciki. Na uku, layin da ake miƙa wa kanel lokacin kunnawa, don a can ma ana iya cusa saitin modul. Muka karanta `/proc/cmdline`. Babu ko ambatonsa.

Shayin ya huce. A lokacin ne N ɗin nan guda biyu suka dawo mini. Da 1 ɗin kanta. Takarda ta ce 0, mun tarar da 1, ni kuma na karɓe ta kamar daga sama ta faɗo. Saiti ba ya juya kansa. Na daina tambayar me ya hana namu aiki, na koma tambayar da na tsallake tun la'asar: wa ya riga mu zuwa?

Akwai umarnin da ke sa `modprobe` ya zazzage duk abin da ya tattaro daga dukkan fayilolinsa. Na ce ta tace mana na modul ɗinmu kawai:

`modprobe -c | grep "options rtl8723be"`

Ita ta fara gani. "Kawu, layi biyu ne."

`options rtl8723be ant_sel=2`
`options rtl8723be fwlps=0 ips=0 ant_sel=1`

Na sama namu ne. Na ƙasa ba mu san shi ba, amma ga N biyu da 1 ɗinmu a jere, kamar sawun ɓarawo a kan yashi. Umarnin `grep -r rtl8723be /etc/modprobe.d` ya nuna gidansa: wani fayil mai suna `wifi.conf`.

Daga nan komai ya warware. `modprobe` yana karanta fayilolinsa bisa jerin haruffa, ba ya zaɓen ɗaya ya bar ɗaya. Yana haɗa duk abin da ya samu ya miƙa wa kanel a layi guda. Shi kuma kanel yana bi daga hagu zuwa dama, in an ambaci saiti sau biyu, na ƙarshe ke zama. Harafin r yana gaban w. Ana faɗin tamu, sai a faɗi tasa a kai. Da muka yi da hannu kuwa, abin da ka rubuta a layin umarni shi ake liƙawa a can ƙarshe, shi ya sa muka yi nasara kafin magariba muka faɗi bayanta. Umarnin `modprobe --show-depends rtl8723be` ya nuna mana layin ƙarshe ƙiri-ƙiri, `ant_sel` sau biyu, 2 a gaba, 1 a baya.

Saura mai sawun. `ls -l` ya ba mu ranar da aka rubuta `wifi.conf`: mako uku da suka wuce, ranar Talata da rana. Na karanta ranar da ƙarfi. Ta sunkuyar da kai, ta saci kallon ƙofar kicin, ta rage murya.

"Na kai ta wajen wani mai gyara a kusa da makaranta. Ya karɓi kuɗin littafina. A shagonsa ta yi, da na dawo gida ta ƙi. Kunya ta hana ni faɗa."

Na tambaye ta ina rawutar shagon take. Ta yi ɗan tunani, sai dariya ta ƙwace mata. A kan teburin gyaran take.

Kafin mu ɗora wa bawan Allah laifin da ba nasa ba, na ce mu yi masa adalci. Muka sauke modul ɗin, muka ɗora shi da `ant_sel=0`, wato yadda yake kafin kowa ya taɓa. Ma'auni ya ce -70. Ke nan ba shi ya kawo ciwon ba. Daga masana'anta ta taho da shi. Hasali ma ya gano unguwar, ya gano gidan, har ya taɓa ƙofar. Layin da ya liƙa layi ne da ya yi wa wasu aiki, waɗanda wayar eriyarsu ke ɗaya mazaunin. Lambobi biyu ne kacal, ya ɗauki ɗaya, ya ga intanet ya buɗe a kamu ɗaya da rawuta, ya ce an gama. Abin da ya raba shi da nasara umarni ɗaya ne na awo, ko kuma taku biyar zuwa bakin titi. Ni ma da nake ba da labarin, na ga alama a gabana na tsallake. Ba ni da bakin yi masa dariya.

Ba mu goge fayil ɗinsa ba. Dokar sunan nan da ta zama abin zargi ɗazu, ita muka mayar makami:

`sudo mv /etc/modprobe.d/wifi.conf /etc/modprobe.d/wifi.conf.tsoho`

Yanzu sunan bai ƙare da `.conf` ba, `modprobe` zai wuce shi kamar bai gan shi ba, mu kuma in mun buƙace shi yana nan. Da haka tsimin wuta ya dawo, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga tsohon batir a unguwar da ake ɗauke wuta ba sallama. Na ce mata in ta ga waifai ya fara yankewa da lokaci, ta kashe `fwlps` shi kaɗai, ta yi kwana biyu tana lura, kafin ta taɓa wani. Saiti ɗaya, awo ɗaya. Wanda ya sha magani uku a tare, ko ya warke bai san wanne zai sake saya ba.

Muka sake tayar da ita. `/sys` ya ce 2, Y, Y. Na sa ta rubuta `watch -n 1 iw dev wlo1 link`, wanda ke maimaita awon kowace daƙiƙa, na ce ta tashi ta yi tafiya tana karanto mana. Ta ɗauki laftof ɗin a hannu biyu kamar mai ɗauke da ƙwaryar nono.

"Arba'in da ɗaya," a gindin talabijin. "Hamsin," a bakin ƙofar falo, inda a da nan ne iyakar duniya. "Hamsin da bakwai," daga tsakar gida, kusa da randa. Sai muka ji ƙarar ƙofar ɗakinta, sai muryarta daga ciki: "Sittin da uku! Kawu, bidiyo yana tafiya!"

Da ta dawo ta ce tana son ta aika wa mutumin nan da ya ƙara saitin godiya. Na ce ta makara da kaɗan. Larry Finger ya rasu a watan Yunin 2024, yana da shekara 84. Asalin sana'arsa ma ba kwamfuta ba ce. Masanin tsarin ma'adinai ne, ya yi shekaru yana bincike a cibiyar Carnegie da ke Washington, har akwai wani ma'adini da aka samo a dutse mai aman wuta na Izalco, a ƙasar El Salvador, da aka raɗa wa suna fingerite don girmama shi. Bayan ya yi ritaya ne ya duƙufa kan direbobin waifai na Linux, ya shigar da gyare-gyare fiye da dubu. Bai san za a yi wata yarinya da za ta yi wata guda a gindin talabijin ba. Ya dai san akwai kwamfutocin da aka rubuta wa kwatance ba daidai ba, ya bar saiti, ya kuma bar bayanin dalilinsa. Saitin, mai gyara ma ya samu. Bayanin ne bai kai gare shi ba.

Ta yi shiru, sannan ta jawo laftof ɗin ta buɗe fayil ɗinmu da `sudo nano`. Ta tambaye ni ko gaskiya ne duk layin da ya fara da alamar `#`, `modprobe` ba ya karanta shi. Na ce haka ne, wannan na mutane ne. Na leƙa ta kafaɗarta ina kallo tana rubutawa a saman layin namu:

`# Eriya ɗaya ce a cikin wannan kwamfutar. Mun buɗe mun gani.`
`# 0 da 1 sun ba da -70 a kusa da rawuta, 2 ta ba da -41.`
`# In za ka canja, ka auna tukuna.`

Ta adana, ta rufe, ta kwashi caja da littattafanta ta yi ɗaki. Uwarta ta fito da tsintsiya, ta tsaya tana kallon gurbin da aka bari a gindin teburin.

"Yaya," in ji ta, "yanzu kuma sai yaushe zan riƙa ganinta?"